Ranar da Lasifikar Baba Ta Daina Ziza

Masu turo mini saƙo suna tambaya ko matan gidan su Sarmad sun zo, to sun zo. Masu cewa in kwantar da hankalina komai zai tafi daidai kuwa, na gode da addu'a, amma ba ku san gidanmu ba. Ku gyara zama kawai.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Shahad, ina aiki a wani kantin magani a unguwar Karrada ta Bagadaza, ni kaɗai ce a wurin iyayena, kuma ina son Sarmad, ɗan mai janaretan unguwarmu. Da ɗan mai gidan burodi ne da tuni an wuce wurin. Amma Baba da Abu Sarmad, wato mahaifin Sarmad, ba sa ga maciji tun ina firamare, kuma tushen abin yana cikin ɗakin Baba.

Baba ya yi ritaya daga gidan waya. Ba ya shan taba, ba ya zaman gidan shayi, ba ruwansa da ƙwallo. Abin da ya sa a ransa a duniya shi ne kayan sautinsa: garmaho ɗaya, amfilifaya mai 'yan kwalabe da ke yin ja in ta ɗauki zafi, da lasifika biyu na katako da tsayinsu ya kai mini ƙirji. Faifai kuwa sun cika bango guda. Ko Mama ba ta isa ta kai tsumma wurin ba. Shi yake gogewa da kansa, da wata tsohuwar singileti da ya hana a wanke da omo.

Wutar Bagadaza kuma kowa ya san halinta. Ta gwamnati ta zo ta tafi yadda ta ga dama, in ta tafi Abu Sarmad ya tayar da injinsa, kowane gida ya ja rabonsa ta wayar da ta bi ta saman titi. Matsalar ita ce wutar injin tana zuwa da datti. Da zarar an koma kanta, lasifikar Baba sai ta fara wata ziza a ƙarƙashin waƙa, kamar an kulle ƙudan zuma a cikin akwati. Wata rana kuma wutar ta turo da ƙarfi ta ƙone masa amfilifayarsa ta farko, wadda ya gada daga yayansa. Baba ya je har bakin injin ya jawo Abu Sarmad, ya tsayar da shi a tsakiyar ɗaki, ya haɗa wata 'yar amfilifaya ta aro, ya ce ya saurara. Mutumin ya tsaya ya kasa kunne, sannan ya buɗe muryarsa wadda ake ji daga bakin titi ya ce, "Ni ban ji komai ba, Abu Shahad." Daga ranar Baba bai sake yi masa ko sallama ba. Ƙonewar ya ce ya bar wa Allah. Amma a tsaya a ɗakinsa a maishe shi maƙaryaci, wannan ba zai haɗiye ba.

Ni ce na gaji wahalar. Tun ina ƙarama aikina biyu ne. In fanka ta fara rage gudu, alamar za a canja wuta, sai in zura da gudu in cire fulogin Baba kafin sabuwar ta turo. Na yi wannan gudun da kumfar sabulu a kai, na yi shi da lomar shinkafa a baki. Na biyun, in mun ja fiye da rabonmu, makunnin layinmu da ke can jikin allon Abu Sarmad ya faɗi, juza muke ce masa, dole wani ya taka ya roƙa a ɗaga. Baba ba zai je ba, Mama ƙafarta na ciwo. Haka na yi ta zuwa shekara da shekaru, har ranar da na tarar da wani siririn saurayi mai tabarau a bakin allon, ya gama karatun injiniyan lantarki ya dawo taya mahaifinsa. Sarmad yana yawan cewa tun da ya dawo juzarmu ta fi ta kowa faɗuwa a layin, kuma yana zargin dutsen gugata. Ku dai kar ku tambaye ni.

Da ƙyar Mama ta shawo kan Baba ya yarda mata su zo ganina. Sai da ta ƙeƙasa ƙasa ta daina dafa masa dolma, abincin da ya fi so. Ya ce su zo, ƙofa a buɗe take, amma amsarsa tana nan inda take, kuma ba zai fito daga ɗaki ba. Aka sa Juma'a bayan la'asar.

Ana saura kwana kaɗan Sarmad ya turo mini hoton wani baƙin akwati a kan teburinsa.

"Mene ne wannan, akwatin gawar kyanwa?" na rubuta.

"Toshin surukina ne. Da hannuna na haɗa shi."

Ya yi mini bayani mai tsawo har da zane, na fahimci kashi ɗaya cikin uku. In wuta ta turo da ƙarfi akwatin zai shanye, ba za ta kai ga amfilifaya ba. In an canja wuta zai ɗan jinkirta, sai ya ga ta nutsu sannan ya buɗe mata hanya. Sannan akwai matata a ciki da ke tace dattin injin, zizar ta ɓace. Na ce masa Baba ko ruwa aka ce daga gidansu ya fito ba zai sha ba, balle akwati. Ya ce ai ba sai ya sani ba. In saka a bayan kabad da safiyar Juma'a. Baba ya ji sautinsa fes, ransa ya yi fari, baƙi su zo su tarar da shi cikin nishaɗi. Daga baya a hankali sai a gaya masa.

"In ya gano fa?"

"Sai ki ce aljanu ne."

"Aljanu masu digirin lantarki."

"Suna nan da yawa, aiki ne babu."

Wallahi a lokacin dabarar ta yi mini kyau. Soyayya tana rage wa mutum lissafi, na yarda.

Juma'a da safe Baba ya fita kasuwar littattafai kamar kullum. Na ɗauko akwatin daga ƙarƙashin gadona, inda ya kwana cikin jakar kantin magani, nauyi kamar an cika shi da duwatsu. Na durƙusa bayan kabad, waya maƙale a kunne, Sarmad yana ce mini baƙar waya a bango, fulogin Baba a cikin akwati, kar in taɓa komai kuma. Wata 'yar fitila koriya ta kama. Na tura shi can ciki, na share sawun gwiwata a kan kafet, na fito ina jin kaina kamar wata gwana. Ko Mama ban gaya wa ba, don Mama in ta riƙe sirri fuskarta tana kumbura.

A nan ne muka yi kuskuren, ni da injiniyan nawa. Akwai wani ɗan ƙwan fitila a kicin da ya kamata ya riƙa nuna wace wuta ce ake kai. Ya mutu tun ina sakandare, ba wanda ya damu ya canja shi, saboda ba ma buƙatarsa. Mama da kunne take ganewa. Baba yana kunna faifai daga la'asar har magariba kullum. In da ziza, wutar inji ce: fanka, firji da fitilu kawai, kowa ya kama kansa. In babu ziza, ta gwamnati ce, a kunna duk abin da ke da waya. Haka gidanmu yake tafiya tun ina yarinya, har ni kaina na manta cewa ba haka sauran gidaje suke yi ba.

Wutar gwamnati ta ɗauke tun azahar, ga watan Yuli. Mama ta cire ledar kujerun falo, ta fito da kofunan shayi masu bakin zinare waɗanda ban taɓa ganin an sha komai a ciki ba, ta jera kilecha, biskit ɗinmu mai dabino, a babban faranti, sauran kuma tana jiran tanda. Ni na sa doguwar riga mai launin zaitun da na ɗinka don ranar, mai ƙananan maɓallai har wuya, da gyale ruwan madara, da 'yan kunnen auren Mama masu jan kunne ƙasa. Sai da na yi kwalliya sau biyu, gumi ya wanke ta farko. Mama tana ta zagaye ni tana cewa kar in yi dariya da ƙarfi, kar in zauna kafin a ce, kar in nuna na san sunan yaron.

"Mama, shekara nawa ina zuwa ɗaga juza a wurinsu?"

"Yau ba ki san shi ba. Ko a hanya ba ki taɓa ganinsa ba."

Umm Sarmad, mahaifiyarsa, ta iso da ƙanwarta, da kwalin alewar baƙlawa da kwalbar turare. Mace ce gajera mai fara'a, abayarta tana ƙamshin turaren wuta. Aka gaisa, aka tambayi lafiyar kowa har da waɗanda suka mutu, aka yi ƙorafin zafi. Fanka tana ta juya iska mai ɗumi. Baba kuwa yana jin an zauna ya rufe ƙofarsa da ɗan ƙarfi, don a san yana nan, ya ɗora faifai.

Jama'a, ban taɓa jin sauti irin wannan a gidanmu ba. Mai kiɗan ya taɓa tsirkiya kamar a cikin falon yake. Har jan numfashin mawaƙin ana ji. Ina kicin ina jera kofuna, zuciyata tana cewa Sarmad, Allah ya yi maka albarka. Na ɗaga kai sai na ga Mama ta tsaya cak da cokali a hannu, kunnenta a karkace.

"Ta gwamnati ta dawo," ta ce a hankali, fuskarta ta washe. "Allah ya rufa mana asiri a gaban baƙi."

Kafin in ajiye butar shayi ta wuce ni. Matar da ke cewa ƙafarta na ciwo. Ta kunna babbar esi ta falo, ta kunna ta ɗakinta don ta yi sanyi kafin dare, ta dawo ta murɗa tandar lantarki, tana wucewa ta danna famfon tura ruwa sama. Ina biye da ita da tire ina cewa Mama tsaya, Mama ji mana, tana yi mini alama da hannu in rufe baki baƙi na ji. Na shiga falo daidai lokacin da iska mai sanyi ta fara sauka a kan Umm Sarmad, ta lumshe ido ta ce Alhamdu lillahi. Sai komai ya ɗauke ɗif. Esi, fanka, waƙa, duka.

Ta taga ana hango fankar maƙwabta tana juyawa abinta.

Mama ta fara ba da haƙuri, wai ka ga halin wutar gwamnati, yanzu ta zo yanzu ta koma. Umm Sarmad ta dube ta da mamaki ta ce wace ta gwamnatin, ai rabon unguwa da ita tun azahar, ko abincin rana a bakin inji aka kai wa Abu Sarmad. Mama ta ce ba zai yiwu ba, ita da kunnenta ta ji babu ziza. Ni dai na ƙura wa tire ido kamar an rubuta wani abu a ciki.

Sai ƙofar ɗakin Baba ta buɗe. Da wutar ta ɗauke ya jira in rugo in cire fulogi, ban zo ba, ya durƙusa da kansa, ya ci karo da abin da na ɓoye. Ga shi tsaye a bakin falo cikin jallabiyarsa ta zaman gida, ƙura a gwiwa, kuma ya ji maganar Umm Sarmad sarai. Ya gaishe da baƙin a taƙaice cikin ladabi. Sannan ya dube ni.

"Tun azahar wutar inji ce?" ya tambaya, ba ni yake tambaya ba.

Umm Sarmad ta ce tun azahar.

Ya gyaɗa kai. Kowa a falon ya san abin da ya rage: sai an je an ɗaga juza. Ni ba zan fita da 'yan kunnen aure in je wurin saurayin da aka zo nema masa ni ba. Mama ba za ta bar baƙi ba. Umm Sarmad ta ciro waya ta ce bari ta kira ɗanta ya ɗaga kawai, Baba ya ɗaga mata hannu ya ce a'a, juzar gidansa ce, shi zai je. Ya zura silifas ya fita. Mama ta dafe ƙirji ta zauna a kan hannun kujera.

Na ba kowa shayi, na koma gefe na zauna na ɓoye waya a ƙarƙashin gyale. Ba a jima ba ta fara motsi da saƙonnin Sarmad.

"Shahad, babanki ne nake hangowa ko zafi ne ya taɓa ni?"

"Shi ne. Ya ga akwatin."

"Na shiga uku. In gudu?"

"Ka gudu ka bar ni da wa?"

Gumi yana bin bayana, hodar fuskata ta fara tafiya. Umm Sarmad ta ɗauki murfin kwalin baƙlawa tana fifita, ta ce wa Mama duk unguwar nan a faɗa a ƙara, matar mai janareta ta zo neman aure an zaunar da ita a zafi. Mama ta yi dariyar da ta fi kama da kuka. Ƙanwar kuwa tana ta aikin kilecha, ita kaɗai ce ta ci ribar ranar.

"Ya yi wa Abbana sallama. Abba ya waiga bayansa ya ga ko da wani yake."

"Sai me?"

"Ya ce wa ya haɗa akwatin. Na ce ni ne. Ya ce da izinin wa. Na ce da izinin ƙauna."

"Ba ka faɗi haka ba!"

"Ban faɗa ba. Cewa na yi ka yi haƙuri Baffa."

Sai fanka ta motsa. Mama ta tashi da sauri ta bi ta kashe duk abin da ta kunna, tana yi tana harara ta, don zuwa lokacin ta haɗa lissafinta. Saƙo na ƙarshe ya shigo: "Muna zuwa. Duka mu ukun. Ki yi mini addu'a."

Ku da kuka san al'ada kun san maza ba sa taka gidan yarinya ranar zuwan mata. Sai an amsa, a sa rana, su zo da dattawansu cikin kwat da turare. Amma ga Baba ya shigo gaba, bayansa Abu Sarmad, ƙato, da singileti da wando duk baƙin mai, yana ta goge hannu a tsumma yana sallama da muryar da ta sa kofunan Mama kaɗawa. Can baya Sarmad, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kamo da satar lemo. Umm Sarmad ta ce wa mijinta a haka ka zo gidan mutane, bai ko kalle ta ba. Baba ya wuce da su ɗakinsa kai tsaye. Mu mata muka taru a bakin ƙofa, kunya ta bar kowa.

Baba ya ce wa Sarmad ya cire akwatinsa ya sa fulogi a bango. Ya ɗora faifai. Zizar ta cika ɗakin, yau har ta fi kullum muni tunda kunne ya ɗanɗani rashinta.

"Ka ji?" in ji Baba.

Abu Sarmad ya karkata kai, ya yamutsa fuska. Ya ce yana jin mai waƙa.

Baba ya sa aka mayar da akwatin. Akwatin kuma ya yi halinsa na jinkiri, muka tsaya cirko-cirko muna kallon 'yar fitila, Sarmad yana share gumi da hannun riga. Da ta koma koriya waƙar ta fito tas.

"Yanzu fa?"

"Duk ɗaya ne, Abu Shahad. Wallahi duk ɗaya ne."

Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Na ce shi ke nan, an gama da ni, gara in fara neman gidan da zan tsufa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Umm Sarmad ta riga shi. Tana tsaye taku ɗaya a bayan mijinta, ta yi magana da muryarta ta kullum, ba raɗa ba.

"Ba ya ji, Abu Shahad. Injin nan ya cinye masa kunne tun Sarmad yana goye. Bakin mutum yake kallo. Ya hana mu faɗa wa kowa, wai kar a ce kurma ne ke riƙe da wutar unguwa."

Abu Sarmad bai waiga ba. Yana nan tsaye yana kallon Baba, yana jiran a ci gaba da faɗa.

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi irin abin da ta yi ba. Tausayi ya kama ni, na rasa na wanda ya fi a cikinsu. Baba ya daɗe yana kallon mutumin. Sannan ya juya ya ɗage allurar daga kan faifai, ya cire ƙyallen gaban lasifika ɗaya, ya ce wa Sarmad ya sake cire akwatin. Ya kamo hannun Abu Sarmad, hannun nan mai baƙin mai har cikin farce, ya ɗora yatsunsa a kan takardar lasifikar. Wurin da ni 'yarsa ban taɓa taɓawa ba.

Abu Sarmad ya ɗan zabura. Baba ya riƙe hannun bai saki ba, ya yi wa Sarmad alama. Aka mayar da akwati, aka jira. Takardar ta tsaya cak a ƙarƙashin yatsun.

"Waccan rawar," in ji Abu Sarmad, kuma karo na farko a rayuwata na ji muryarsa ta yi ƙasa, "daga injina take?"

Baba ya tsaya a gabansa sosai don ya ga bakinsa. "Daga injinka."

"Duk shekarun nan?"

Baba ya gyaɗa kai.

"Ni na ɗauka raina ni ka yi don ina aikin baƙin mai. Na ce mutumin ofis ne, yana neman abin faɗa."

"Ni kuma na ɗauka maƙaryaci ka maishe ni a ɗakina."

Abu Sarmad ya janye hannunsa, ya ga tabon yatsunsa a jikin takardar, ya ɗaga tsummansa zai goge. Ni da Mama da Sarmad muka yi ƙara lokaci guda. Baba ya tare hannun ya ce a bar shi haka. Sannan ya jawo kujerarsa, wadda ba mai zama a kai, ya ce wa mutumin ya zauna. Ƙanwar Umm Sarmad ta fyace hanci, da kilecha a ɗaya hannun.

Baba ya juya ga Sarmad ya ce akwatin yana aiki, kunnensa ba ya yi masa ƙarya, amma wanda ya shiga ɗakin mutum ta bayan kabad sai ya koyi shiga ta ƙofa. Sarmad ya ce to Baffa, ya ƙara cewa to Baffa, ina jin da an bar shi har yanzu yana faɗa. Sai Baba ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Shahad, kawo wa baƙi abin sha."

A wurinmu in maza suka zauna kan maganar aure, abin da aka kawo a tire shi ne amsar. Shayi yana nufin ana nan ana magana. Sharbat kuwa ba a fito da shi sai an bayar da yarinya. Mama ta mintsine ni a hannu in wuce kawai, amma ƙafata ta ƙi. Ban san inda na samo ƙarfin halin ba.

"Baba, shayi ko sharbat?"

Mama ta ce innalillahi a ƙasan maƙoshi. Sarmad ya cire tabarau yana gogewa. Abu Sarmad yana ta kallon bakunanmu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar matarsa me aka ce.

Baba ya ɗauki wani faifai yana juya shi a hannu, kamar yana karanta bayansa, alhali ya haddace shi tun kafin a haife ni.

"Ke za ki ɗauko tiren," ya ce. "Ke kaɗai gare ni. Abin da kika ɗora a kai shi zan sha."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe, ya yi tari ya rufe.

Na shiga kicin. Mama ta biyo ni, ta buɗe kabad ɗin ƙasa ta tura hannu bayan buhun shinkafa ta ciro kwalbar sharbat na rumman, ta dire kusa da butar shayi, ta fita ta ja mini ƙofa. Na ɗauka in ranar nan ta zo tsalle zan yi. Sai ga ni tsaye ina kuka kamar wadda aka yi wa duka, kwallin idona yana ɗiga a kan rigar zaitun. Ina son Sarmad, Allah ya sani. Amma sai a lokacin na gane cewa duk faɗan da nake yi da Baba, ban taɓa tunanin yadda gidan nan zai zama da mutum biyu a kan tabarmar cin abinci ba.

Na wanke fuska, na zuba sharbat a kofuna, na sa ƙanƙara. Ina ɗaukar tiren na ji Baba ya ɗora faifan, ya murɗa sauti sama fiye da yadda ya taɓa yi. Umm Sarmad tana cewa Allah sarki, don maigidanta ya ji ne. Wataƙila haka ne. Amma ni na san Baba, ba ya ƙure murya haka sai in ba ya so a ji numfashinsa.

Na tsaya a bakin ƙofar. Ya ɗago ya dubi tiren, ya ga launin abin da ke ciki, sannan ya miƙo hannu tun ban ƙaraso ba.